Yadda Ake Rubuta Ƙagaggen Labari Har a Kai Shi Ga Bugu

A garin nan na Zariya aka yanke wa ƙagaggen labarin Hausa na boko cibiya. A 1933 Hukumar Talifi, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta labarai, kuma daga nan aka samu littattafai biyar da ake lissafawa a matsayin na farko, ciki har da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, a nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, daga baya kamfanin buga littattafai na Arewa, NNPC, ya biyo baya a 1966. A duk waɗannan wurare akwai mutum zaune tsakanin marubuci da mai karatu, wato edita. Shi zai karanta rubutunka, ya ja layi, ya mayar maka, ya ce ka sake.

Yau marubuciya na iya rubuta babi da daddare a wayarta, kafin hantsi ya shiga zaurukan WhatsApp goma. Wannan alheri ne, domin ya buɗe ƙofa ga dubban mutane, musamman mata, waɗanda a da ba su da hanyar isa ga kamfanin ɗab'i. Sai dai kujerar wancan mai jan layin ta zama ba kowa a kanta. Aikinsa kuwa bai ɓace ba, ya dawo kan marubuci ne. Matakan da ke tafe hanya ce ta ɗaukar wannan nauyi, tun daga ranar da labari ya faɗo maka a rai. Ina cewa "ka" ne don sauƙin magana, amma da ke ma nake, 'yar'uwa.

Mataki na farko: san wane ne ke neman me

Kafin ka rubuta babi na ɗaya, ka rubuta labarin gaba ɗaya a jimla ɗaya ko biyu. Dole jimlar ta ƙunshi mutum, da abin da yake buƙata ruwa a jallo, da abin da ya tare masa hanya. "Labari ne a kan illar kishi" jigo ne kawai, ba labari ba ne tukuna. Amma dubi wannan: Talatu uwar adashi ce a cikin birni, ta taɓa kuɗin mata goma sha biyu ta biya wa mijinta aiki a asibitin Shika, saura kwana tara a yi kwasa, kuma mai kwasar wannan zagaye kishiyarta ce. Da jin haka mai karatu ya fara tambaya da kansa. Za ta faɗa wa maigidan? Wa za ta ranta a wurinsa? Kishiyar ta sani tana shiru ne?

Ka kuma san inda labarin zai ƙare, ko da daga baya za ka sauya. Yawancin labaran da ke kaiwa littafi na huɗu da na biyar ba yawan abin faɗa ne ya kai su can ba. Marubucin ne bai san mafita ba, sai ya yi ta ƙirƙiro haɗarin mota, da mantuwar ƙwaƙwalwa, da ɗan'uwan da ya ɓata tun yana jariri.

Mataki na biyu: littafin ajiyar bayanai

Ka sayi ƙaramin littafin rubutu na 'yan makaranta, ka keɓe shi ga wannan labari kaɗai. Kowane tauraro ka ba shi shafinsa: sunansa, laƙabinsa, shekarunsa, sana'arsa, dangantakarsa da sauran, da yadda kowa ke kiransa. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a gidan Bahaushe. Uwa ba ta cika kiran ɗan farinta da sunansa ba, suruka tana da sunan da take sakaya surukinta da shi, ƙanwar miji tana da irin tata maganar da matar yaya. In ka tsara wannan tun farko, gidan zai tsaya da ƙafafunsa.

A ƙarshen littafin ka zana kalandar labarin. Wane wata aka fara? Damina ce ko hunturu? Yaushe azumi zai shigo? Masu karatu suna lura in ciki ya shekara biyu ba a haihu ba, ko an yi ƙaramar salla sau biyu kafin babba. Sannan ka jera babi-babi, layi biyu-biyu, abin da ya faru a ciki da abin da ya sauya saboda shi. Babin da babu abin da ya sauya a cikinsa, ka soke shi tun yana layi biyu.

Mataki na uku: tashi ka je ka gani

In mijin Talatu maɗinkin babbar riga ne, ka je ka zauna a zauren maɗinka a cikin birni, yini guda, ka ga yadda ake zana aska, wato adon gaban riga, a kan shadda kafin allura ta hau, ka ji hirar da suke yi, ka ga yadda yatsa ke yin kanta. In labarinka zai shiga kotu, ka je ka zauna a benci ka saurari yadda alƙali ke tambaya da yadda maga-takarda ke kiran ƙara. In akwai saki ko gado, ka tambayi malami. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, iddar saki kuma hukuncinta daban, mai ciki ma nata daban. Kuskure ɗaya a irin wannan yakan sa mai karatu ya daina yarda da duk abin da ka faɗa bayansa. Don tarihi kuwa, ga Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, ga kuma dattawa a ƙofar gida waɗanda suka san abin da babu a takarda.

Abin yana damuna ƙwarai in na ga marubucin da ya tashi a Tudun Wada ko Gyallesu ya kwashe taurarinsa ya kai Dubai ko Landan, wuraren da a fim kawai ya san su, alhali bai taɓa rubuta hayaniyar Kwangila da magariba ba, ko yadda ƙura ke rufe dutsen Kufena da hunturu. Abin da ka sani da idonka shi ne wanda wani marubucin ba zai iya ƙwace maka ba.

Mataki na huɗu: zubin farko

Ka yanka wa kanka adadin da za ka iya kullum. Kalma 500 a rana, cikin kwana 100, ta ba ka kalma 50,000, wato littafi mai shafi kusan 190 a girman A5. Kada ka tsaya gyara a wannan zango, ka dai ci gaba har ka kai ƙarshe. Ka sa allon rubutu na Hausa a wayarka, Gboard yana da shi, don ɓ da ɗ da ƙ su fito daidai tun yanzu, saboda bin su ɗaya bayan ɗaya daga baya wahala ce babba. Duk daren Allah ka tura wa kanka abin da ka rubuta ta imel ko ka ajiye a Google Drive. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, tana mutuwa ba sallama.

Kuma kada ka saki ko shafi ɗaya a zauren WhatsApp sai ka gama. Na san daɗin yabon masu karatu, na san kuma shi ke ƙarfafa wa mutum gwiwa. Amma da zarar ka fara saki kullum, linzamin labarin ya bar hannunka. Wannan ta ce a kashe kishiya, wancan ya ce a haɗa wane da wance aure, kai kuma kana tsoron su watse. Ga shi kuma babin da ya riga ya fita ba ya gyaruwa, ko da a babi na talatin ka gano cewa na uku ne ya karkace.

Mataki na biyar: abin da ke sa shafi ya yi rai

A nan ne aikin yake, don haka zan ɗan daɗe. Babbar matsalar sabon marubuci ita ce faɗa wa mai karatu abin da zai ji, maimakon ya nuna masa abin da zai sa ya ji. Ga yadda akan rubuta:

"Talatu ta shiga matsanancin tashin hankali da baƙin ciki marar misaltuwa, hawaye suka shiga zarya a kyakkyawar fuskarta."

Ga kuma wata hanya:

"Talatu ta zazzage gwangwanin a kan tabarma ta sake ƙirgawa. Bai ƙaru ba. Daga tsakar gida ta jiyo muryar kishiyarta Asabe tana cewa mai koko ta ɗaga mata ƙafa zuwa Juma'a, ai kwasarta ta kusa. Ta mayar da kuɗin, ta tura gwangwanin can ƙarƙashin gado, ta fito tana gyara ɗaurin ɗankwali. 'Yaya, ko ba ki jin daɗi ne?' in ji Asabe. 'Lafiya lau. Hayaƙi ne.' Ba a ko hura wuta ba."

A na biyun babu kalmar tashin hankali ko ɗaya, amma mai karatu ya ji shi a cikinsa. Ya kuma san abubuwa uku da ba a faɗa masa kai tsaye ba: kuɗin bai cika ba, Asabe ta riga ta ci bashi a kansa, Talatu kuma ta zaɓi ɓoyewa.

Hirar taurari ma haka take. Mutanenmu ba su cika faɗin abin da ke ransu ɓaro-ɓaro ba, musamman gaban manya. Akwai kara, akwai kunya, akwai habaici, akwai shirun da ya fi magana nauyi. Yarinyar da mahaifinta ya tambaye ta ko tana son wane, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi, ta riga ta ba da amsa. Sannan kowa da bakinsa. Tsohuwar da ta tsufa a Ƙofar Doka za ta iya cewa "yarinyan nan" ko "matana ne", domin Zazzaganci bai cika bambanta namiji da mace a irin waɗannan wurare ba. Ka bar mata abinta a cikin hira, shi ne zai sa a gane ta ko ba ka ambaci sunanta ba. Ɗalibin Samaru zai cakuɗa da Turanci, ɗan kasuwar Sabon Gari yana da nasa salon. Amma muryar mai ba da labari, wato taka, ta tsaya a daidaitacciyar Hausa, don Basakkwace da Bakano da mutumin Damagaram duk su bi ka ba tuntuɓe.

Gaisuwa kuwa ka taƙaita ta. A rayuwa mukan yi minti biyu muna "ina gajiya, ina iyali", a takarda layi ɗaya ya isa, sai fa in akwai wani abu a ƙarƙashin gaisuwar, kamar wadda aka amsa a daƙile. Haka siffanta kyau. Shafi biyu a kan dogon hanci da gashi har gadon baya da jerin motocin gidan Alhaji ba sa sa a ƙaunaci tauraruwa. Abin da ta yi lokacin da ta shiga tsaka mai wuya shi ke sa a ƙaunace ta.

Shafin farko kuma ka fara shi daga inda ruwa ya fara gurɓacewa. Tarihin kakanni da asalin gidan zai iya jira zuwa lokacin da mai karatu ya damu da mutanen har yana son sanin daga ina suka fito. Wa'azi ma ka bar labarin ya yi da kansa. In sakamakon cin amana ya bayyana a rayuwar tauraro, ba sai ka tsayar da labari ka hau mumbari ba.

Mataki na shida: ajiye shi, sannan ka dawo da jan biro

Da ka rubuta "ƙarshe", ka rufe shi wata guda. In ka dawo, ka buga shi a takarda a shagon kwamfuta, domin ido yana ganin abin da ya tsallake a fuskar waya. Karatun farko na gini ne: ina labarin ya yi sanyi, wane tauraro ne ya ɓace ba dalili, wane babi ne za a cire ba a rasa komai ba. Kada ka ji tausayin cirewa. Karatu na biyu ka yi shi da babbar murya, duk inda harshenka ya sarƙe ko numfashinka ya ƙare, jimlar ce ke da matsala. A nan za ka kama Hausar da aka gina a kan ƙashin Turanci, wadda in ka karanta wa kakarka za ta ce me kake nufi.

Na uku na ƙa'idojin rubutu ne. Ana raba "ya ce", "ta zo", "za ta", "shi ne", "ba ni da". Ana haɗe gajeriyar mallaka, "gidansa", "motarta", a raba doguwa, "gidan nasa". "A kan tebur" daban, "akan yi haka" daban. Ka ajiye Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, kusa da kai.

Bayan nan ka ba mutum biyu ko uku su karanta, kuma kada su kasance masu jin nauyinka. Ka tambaye su takamaiman abu: a wane shafi ka ajiye littafin ka tashi, wa ka tsana, me ba ka yarda zai faru ba. In biyu sun yi tuntuɓe a wuri ɗaya, wurin yana da gyara ko da kai kana sonsa. Daga nan sai edita. A Zariya ba mu da uzuri, ga malamai da ɗaliban manyan digiri na sashen harsunan Afirka a Samaru, ga masu koyar da Hausa a tsohuwar kwalejin ilimi da ta zama jami'a. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda aka kafa a 1981, tana da rassa a jihohi, kuma zama da marubuta 'yan'uwa yana haɗa mutum da masu wannan aiki. Ka yi ciniki da edita ka biya shi haƙƙinsa. Aikin alfarma yakan kwana a aljihun tebur wata shida, kai kuma ba ka da bakin tambaya.

Mataki na bakwai: zaɓen hanyar fitarwa

Hanya ta farko ita ce kamfanin ɗab'i ya karɓa ya buga da kuɗinsa. Za ka aika musu taƙaitaccen labarin a shafi ɗaya, har da ƙarshensa, da babi biyu ko uku na farko, da ɗan bayani a kanka. Kamfanoni sun fi karkata ga littafin da makarantu za su saya, don haka a yi haƙuri da jira. In sun karɓa, kada ka sa hannu a yarjejeniya sai ka fahimci abu huɗu: kashi nawa ne naka a kowane kwafi kuma daga wane farashi ake lissafawa, yaushe ake biya, shekara nawa haƙƙin bugu zai zauna a hannunsu, sannan wa ke da ikon fim da fassara da karantawa a rediyo ko YouTube. Wannan na ƙarshe kada ka bayar da shi kyauta a cikin tarin takardu. Wanda kuma ya ce ka kawo kuɗin bugu gaba ɗaya sannan ya riƙe haƙƙin littafin, ka nemi wani.

Hanya ta biyu ka buga da kanka, yadda marubutan adabin kasuwar Kano suka yi tun shekarun 1980. A nan kai ne kamfanin. Za ka sa a tsara shafuka a girman A5, kuma ka nemi yawan shafukan ya rabu da 16, misali 160 ko 192, domin a manyan takardu ake bugawa a naɗe, shafin da ya yi rara asarar takarda ce. Ka tambayi nauyin takardar ciki, giram 60 ko 70 aka fi amfani da su, da kaurin katin bango, da ko za a yi masa leda. Littafi mai kauri ɗaurin gam yake so, kuma ka karɓi wani da suka taɓa yi ka buɗe shi sosai ka ga ko shafi zai zare. Ka zaga maɗaba'a uku ka ji farashi kafin ka tsayar. Kuɗin fileti, wato farantin da ake ɗora hoton shafuka a kai don inji ya buga, ɗaya ne ko kwafi 200 za a buga ko 1,000, shi ya sa kwafi ke yin araha in an buga da yawa, amma kada arahar ta ja ka ka tara katan-katan a ƙarƙashin gado. Abu mafi muhimmanci, kada injin ya tashi sai an ba ka samfurin gwaji ka karanta shi daga bango zuwa bango. Sau da yawa a nan ne ƙ da ɗ ke rikiɗewa su koma akwatuna saboda kwamfutar maɗaba'a ba ta da irin harafin da aka yi aiki da shi. Ka ba da rabin kuɗi, sauran sai ka ga kaya, kuma a rubuta.

Hanya ta uku intanet ce: manhajojin karanta labarai irin su Wattpad da ArewaBooks, ko zauren WhatsApp da Telegram na kuɗi. Ba ta cin jari sosai, kuma tana kai labari har ƙasashen waje. Tun da ka riga ka gama ka gyara, za ka iya saki babi-babi hankalinka kwance, ka ba da na farko kyauta, sauran a biya. Illarta sata ce, mutum ɗaya zai saya ya raba wa ɗari. Ka sa sunanka a kowane shafi, ka kuma riƙe asalin rubutunka da lambobin masu sayenka a wurinka. Manhajar OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da yawa suka dogara da ita, ta rufe a ƙarshen 2023.

Gasa ma ƙofa ce. Hikayata ta BBC Hausa, ta gajerun labarai ce ta mata, an fara ta a 2016, Gusau Institute da ke Kaduna ma tana shirya gasar marubutan Hausa. Ka karanta sharuɗɗan da kyau, musamman adadin kalmomi da batun ko labarin ya taɓa fita a wani wuri.

Mataki na takwas: takardu da kasuwa

Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi mai alƙaluma 13, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, kuma doka ta ɗora wa mai bugawa ya kai musu kwafi uku na abin da ya buga. Haƙƙin mallaka naka ne tun daga lokacin da ka rubuta, kuma a dokar Nijeriya yana ci gaba har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, wato gado ne ga iyalinka. Yin rajista da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ba dole ba ne, amma takardarta hujja ce ranar da rigima ta taso.

Wajen sa farashi, ka haɗa duk abin da ka kashe, har da kuɗin edita da mai zanen bango da na mota, ka raba da yawan kwafi, sannan ka ɗora rabon mai shago da naka. Ka fara da inda ƙafarka ke kaiwa: shagunan littattafai na Samaru da Kongo da Sabon Gari, makarantun sakandare da malaman Hausa, sannan dilolin Kano. Mafi yawan masu shago sai sun sayar suke biya, don haka kada ka zube wa mutum ɗaya kwafi ɗari. Ka ba shi goma ko ashirin, ka rubuta a littafinka kwanan wata da adadi da farashin da kuka yi, ya sa hannu, ku tsayar da ranar da za ka dawo. In ka dawo ya biya na farko, sai ka ƙara masa wasu.